Tunau da Rijiyar Karkatattun Rassa

A zamanin da, tun ba a share hanyar fatake ta gabas ba, tun giwaye na kiwo a inda yau ake shuka gero, an yi wani maharbi da ake kira Tunau. Mutumin wani ƙauye ne na can arewa, wanda yanzu babu mai iya faɗin sunansa, domin waɗanda suka baro shi ba su ƙara son ambatonsa ba. Tunau dogo ne siriri, baƙi wuluk, mai ƙarancin magana. An ce yakan bi sawun barewa a kan falalen dutse, ya kuma gane daga warin iska ko ɓauna ta kwana kusa. In ya shigo gari da nama, maroƙan farauta kan tare shi da kirari:

"Tunau na Hakama, mai takun damisa!
Daji ya san sawunka, gari bai san kwananka ba.
Baƙin maharbi, kibiyarka ba ta dawowa da kunya!"

Hakama ɗin nan yayarsa ce, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Sai aka jera shekaru ba a yi daminar kirki ba. Mutanen ƙauyen sun riga sun sare itatuwan da ke kewaye da su, na gini da na girki da na gawayi, har ta kai mace kan wuni tana yawon neman abin hura wuta. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Namun daji suka yi nisa. Da abin ya yi tsanani, Tunau ya rataya kwarinsa, ya cika gorarsa da ɗan ruwan da ya samu, ya tsaya a ƙofar ɗakin yayarsa.

"Yaya, zan yi kudu. In na daɗe, kada ki bari a yi mini makoki sai kin ga bakana a hannun wani."

Ya yi ta tafiya har sabara ta ƙare, ƙasa ta sake launi, ya shiga wani daji da bai taɓa jin labarinsa ba. A nan ya ga maɗaci wanda maza da yawa ba za su iya kewaye shi da hannuwansu ba. Ya ga marke miƙaƙƙu kamar masu, da ƙirya, da kanya, da tsamiya masu duhun inuwa. Duk inda ya duba bai ga kututture ɗaya mai shaidar gatari ba. A ƙasa kuwa rassa ne kwance birjik, waɗanda iska ta kayar da waɗanda giwaye suka karya, sabbi a kan tsofaffi, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko ɗaya tun da Allah ya yi dajin.

Cikin dajin nan ya ci karo da sawun giwaye. Ya san giwa ɗaya za ta raya abin da ya rage na ƙauyensu, sai ya bi. Bazara ce, rana kamar za ta fasa kai, gorarsa kuma ta riga ta bushe. Sawun ya kai shi bakin wani rafi mai faɗi wanda ba ko ɗigon ruwa, sai farin yashi mai ɗaukar ido. A nan ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya ja jiki ya laɓe bayan wani shuri, harshensa ya kumbura a baki.

Daga nan ya hango garken. Wata tsohuwar giwa ce a gaba, haurenta ɗaya a karye, kunnuwanta a yayyage kamar tsohon zane, bayanta ja wur da ƙasa. Tunau ya zaro kibiya mai dafi ya ɗora a baka. Kafin ya ja, sai ya ga ta tsaya a tsakiyar yashin. Ta sa ƙafa ta tona, ta sa hanci ta kwashe, ta sake tonawa, ba gaggawa, har ramin ya shanye hancinta. Sannan ta dakata. A hankali ruwa ya fara tsattsafowa. 'Ya'yan suka sha, manyan suka sha, ita ta sha daga ƙarshe. Da ta gama, sai ta juyo ta fuskanci shurin da yake ɓoye, ta daɗe tana kallo, sannan ta kora garken gefe ta bar ramin a buɗe.

Tunau ya sauke baka. Ya rarrafa ya kifa fuskarsa a ramin ya sha har ransa ya dawo. Da ya ɗaga kai, inuwarta ta riga ta rufe shi. Ta miƙa hanci ta ɗauko wani busasshen reshe daga bakin rafin, ta ajiye a gabansa. Sannan ta naɗe hancin a jikin wani marke mai rai, ta tsaya haka tana dubansa.

A nan masu ba da labari suka rabu biyu. Wasu sun ce ba ta ce komai ba, shi ne ya gane nufinta. Tsofaffin garin da ya kafa daga baya kuwa sun ce da kunnensa ya ji, murya ce irin ta tsawa daga nesa: "Na ƙasa naku, na tsaye namu." Ko ma dai yaya aka yi, Tunau ya soke kibiyarsa a yashi ya rantse cewa shi da duk wanda zai biyo shi ba za su ɗora gatari a kan itace mai rai a dajin nan ba, ba kuma za su harbi giwa ba.

Ya koma arewa ya kwaso waɗanda suke da sauran ƙarfin tafiya. Cikinsu akwai Hakama da mijinta Arzika, mai haƙar rijiya, da kawunsu Nomau, wanda ya tsufa a kan sassaƙa. Da suka iso, Nomau ya ga marken nan tsaye reras, sai hawaye suka zubo masa don murna, ya fara kwance gatarinsa. Tunau ya tara su ya faɗa musu sharaɗin.

Nomau ya ce, "Tunau, ka san sana'ata kuwa?"

"Na sani, Kawu."

"To da me zan sassaƙa turmi? Da me za a kafa ɗaki? Dubi abin da kake nuna mana, duk a karkace, duk a murɗe."

"Kawu, ba ni na sa sharaɗin ba. Ni dai na sha ruwan, na kuma yi rantsuwa da bakinmu duka. Gatarinka bai mutu ba. Duk abin da ya kwanta ƙasa, sare shi yadda ka so."

Nomau bai ji daɗi ba, amma ya mayar da gatarinsa, domin shi ma ruwan ramin giwa ya sha a ranar.

Haka suka fara zama. Tunau ne ke gaba, yana bin hanyar giwaye yana nuna inda suka yi sabuwar karya, mutane na biye suna jan rassa. Masu gwafa aka kafa su dirkoki. Masu lanƙwasa aka haɗa kawunansu a sama aka yi jinka, sai ga ɗakuna sun fito zagayayyu, iska na bi ta gefensu ta wuce. Rassan farar ƙaya da na bagaruwa aka jibge su kewaye da gidaje, kura ta zo ta yi ta zagaye ta koma. Wani reshen kanya da gara ta cinye cikinsa, Tunau ya toshe bakinsa da laka ya ɗora a kan tsamiya, kafin kaka zuma ta shiga, daga nan kowane gida ya yi amya. Hakama ta kakkafa wasu ɗanyun rassan dashi da giwaye suka yar, don ta shanya kaya kawai, da ruwa ya sauka sai suka yi tofo, suka zama shinge mai rai.

Nomau kansa ya sake ido. Da can yakan fara tunanin abin da yake so, sannan ya je ya kayar da itacen da zai ba shi. Yanzu sai ya tsuguna gaban reshe yana jujjuya shi, har ya ga abin da ke cikinsa. Mai ƙulli a kai ya zama ƙotar fartanya wadda ba ta tsagewa. Ɗan ƙarami mai yatsu ya zama maburgi. Wani katon reshen maɗaci da tsawa ta tsinke, ya rarake shi ya yi komi na shayar da awaki. Duk da haka, in ya wuce ta gindin marke yakan shafa jikinsa ya yi ajiyar zuciya.

Ruwan sha kuwa daga ramukan giwaye suke ɗiba, in garken ya sha ya tafi. Suka yi 'yan shekaru a haka cikin wadata.

Sai wata shekara damina ta ɗauke da wuri, rani ya yi tsawo, bazara ta shigo da zafin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ruwan da ke ƙarƙashin yashi ya nutse ƙasa, ya wuce inda hancin giwa ke kaiwa. Garken ya daina zuwa rafin. Arzika ya ce a bar masa, ai aikinsa ne. Ya zaɓi wuri a bakin rafin ya fara haƙa. Amma ƙasar ba irin ta arewa ba ce mai tauri, yashi ne zalla, ana kwashewa yana komawa. Ya kai zurfin da kansa ya ɓace, ya kira na sama ya ce ya fara jin danshi a tafin ƙafarsa. Bai rufe baki ba gefen ramin ya zubo masa gaba ɗaya. Maza suka yi ta tono da hannuwa har farcensu ya yi jini. Da suka kai gare shi, rai ya riga ya yi halinsa.

Bayan an binne shi, Nomau ya ɗauki gatarinsa ya nufi marken da ya fi kowane miƙewa, jama'a na biye da shi. Tunau ya riga shi isa, ya jingina bayansa da itacen.

Nomau ya ce, "Matsa, Tunau. Yashin nan ba abin da zai tare shi sai dogayen gungume miƙaƙƙu. Mun binne mutum ɗaya. Yara nawa kake so mu binne?"

"Kawu, na rantse."

"Giwayen da ka rantse wa suna ina? Sun tafi sun bar ka."

Mutane suka fara gunaguni, akasarinsu bayan Nomau suke. Sai Hakama ta ratso su, idanunta a kumbure, ta tsaya tsakanin kawunta da ƙanenta.

Ta ce, "Ni aka yi wa rashi, ku bar ni in yi magana. Arzika ya sha ruwan giwa kamar kowa. Wanda ya sare itacen nan da sunansa, ban yafe ba." Sannan ta juya ga Tunau. "Kai kuma, rantsuwarka ba za ta jiƙa maƙogwaron yaran nan ba. Akwai sauran ruwa a randuna. Ranar da ya ƙare ba ka zo da dabara ba, ni da hannuna zan miƙa wa Kawu gatarin."

Tunau ya ɗauki bakansa ya shiga daji. Ya bi tsohuwar hanyar giwaye ko zai ga inda suka koma sha. Bai ga ruwa ba. Abin da ya tarar shi ne wani kurmin ƙirya, rassa zube a ƙasa ta ko'ina, manya-manya, karyar sabuwa ce har ganyen bai gama yaushi ba. Ƙirya itace ce mai tauri wadda ruwa ba ya ruɓar da ita da wuri, amma ko ɗaya cikin rassan nan ba miƙaƙƙe, kowanne a lanƙwashe yake. Tunau ya ajiye bakansa a ƙasa, ya zauna a tsakiyarsu ya dafe kai.

Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido, sai ya lura bakan na kwance ta damansa, wani reshe mai irin lanƙwasarsa na kwance ta hagunsa, shi kuma yana tsakiya kamar wanda aka kusa yi wa zobe. Ya miƙe. Ya janye bakan, ya jawo wani reshen ya sa a gurbinsa, ya jawo na uku, ya haɗa bakunansu har suka zagaye. Ya fita waje ya sa ƙafa ya tura. Maimakon su watse, sai bakunan suka ƙara cije juna. Ya tura da dukan ƙarfinsa, zoben ya ƙi shiga ciki.

Da ya jawo rassan gida ya shimfiɗa a gaban jama'a, Nomau ya daɗe yana zagaya su. Ya tsuguna ya tura nan, ya tura can. Sannan ya ce, "Bakunan ne ba su zauna daidai ba. Miƙo mini gatarin nan." A take ya sassaƙe kowane baki ya yi masa gurbi, ɗaya ya shige cikin ɗaya kamar yatsun hannu biyu.

Gari duka ya fita. Maza na jan ƙirya daga kurmi, Nomau na haɗa zobba. Hakama ta tara mata suka tsinto rassan geza masu laushi, suna saƙa su kamar kwando, suna ɗaurewa da ɓawon kalgo. Tunau ya ce ba wanda zai shiga ramin sai shi, tun da shi ya yi rantsuwar. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya fara haƙa kusa da inda Arzika ya haƙa. In ya ɗan nutsa, sai a miƙa masa zobe ya girka, ya cusa saƙar geza da ciyawa a bayansa don yashi kada ya zubo ta tsakani, sannan ya ci gaba da haƙa ta ƙarƙashi ya girka wani. Kwanaki suna wannan aiki, ruwan randuna na raguwa, har aka koma jiƙa wa jarirai leɓe da tsumma. Ramin ya wuce zurfin wanda ya kashe Arzika, ya ninka, har in an leƙa ba a ganin Tunau, sai ƙarar magirbinsa.

Ranar da aka kankare randa ta ƙarshe, rana na tsaka, sai aka ji ƙasa ta yi nishi. Yashin da ke kewaye da bakin ramin ya motsa, ya fara nutsewa. Mutane suka ja da baya da gudu. Daga cikin ramin wata ƙara ta taso, irin ta baka in an ja shi har iyaka, zobe bayan zobe, tun daga sama har ƙasa. Ƙura ta turnuƙe, igiyar ta yi sako-sako. Sannan komai ya yi tsit.

Nomau ya rarrafa ya kwanta rub-da-ciki a bakin ramin. Zoben sama na nan daram, bakunansa sun cije juna har ba a ganin mahaɗa.

"Tunau! Ɗan 'yar'uwata!"

Ba amsa. Hakama ta durƙushe ta rufe fuska. Nomau ya sake kira. Can sai wata murya ta taso daga ƙasa, ƙarama, kamar daga cikin tulu.

"Kawu, a sauko da wasaki."

"Kana da rai?"

"Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa."

Aka zura gugan fatar, wasakin farko ya fito yana zuba, ruwa garau mai sanyi. Aka fara da jarirai da masu jego. Aka jawo Tunau, jikinsa duk laka, goshinsa na jini. Bai kai ga sha ba sai aka ji ƙasa na rawa a hankali, ba irin ta ɗazu ba. Tsuntsaye suka tashi daga bakin daji. Garken giwaye ne ya fito, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, tsohuwar mai karyayyen haure a gaba. Suka tsaya nesa kaɗan, ba su matso ba.

Ba wanda ya gudu. Tunau ya ce a jawo komin maɗacin nan na Nomau a ajiye yamma da rijiyar. Ya kama igiya da kansa. Maza masu ƙishirwa, waɗanda leɓunansu suka tsattsage, suka shiga layi bayansa suna ja suna zubawa, ba wanda ya kai hannu baki. 'Ya'yan giwayen suka sha, manyan suka sha, tsohuwar ta sha daga ƙarshe. Da ta gama, ta tako har bakin rijiyar, mutane suka buɗe mata hanya. Ta sa hanci ta shafa zoben ƙiryar ta zagaye shi, sannan ta hura numfashi a ciki, rijiyar ta amsa da wata ƙara kamar babban tambari. Waɗanda suka ji sun ce har cikin ƙirjinsu suka ji ta. Daga nan ta juya, garken ya bi ta.

Ruwan sama bai sauka ba sai bayan wani lokaci mai tsawo, amma ba wanda ƙishirwa ta ƙara kashewa, mutum ko giwa. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa daga nesa suna neman wurin zama, kowa sai ya karɓi sharaɗin kafin a nuna masa fili. Da yake duk abin da aka gina garin da shi tsintarsa aka yi, sai aka sa masa suna Tsintuwa. Maroƙa kuma suka ƙara wa Tunau kirari: "Mai ɗaure yashi da karkataccen itace, aminin tsohuwar giwa, na Hakama wanda ƙasa ta haɗiye ta mayar!"

Tunau bai karɓi sarautar garin ba, ya bar wa kawunsa, ya ci gaba da farautar gada da barewa har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu da tsufa, aka binne shi a bakin daji. Washegari da safe masu zuwa gaisuwa suka tarar an lulluɓe kabarin da ɗanyun rassa masu ganye, tuli guda, ga manyan sawu kewaye da shi. A Tsintuwa kuwa babu mahalukin da zai karya ɗanyen reshe.

Rijiyar na nan har yau a bakin rafin, ana kiranta Rijiyar Tunau. Wanda ya leƙa da rana tsaka zai ga zobban ƙirya baƙi ƙirin suna sauka har inda ido ya gaza. Kowace shekara, kashegarin guguwar farko ta damina, garin kan fita tsintar rassa, mafi kyawun lanƙwasa kuma a kai shi bakin rijiya a ajiye, ko da wani zobe zai nemi canji. An yi zuriya da yawa ba a ga giwa a yankin ba. Duk da haka, kowace safiya wadda ta fara zuwa ɗiban ruwa sai ta cika komin da ke yamma da rijiyar kafin ta cika tulunta. Awaki ne ke sha, da jakunan matafiya. Wani baƙo ya taɓa tambayar wata tsohuwa dalilin wannan wahala, tun da waɗanda ake zuba wa sun daɗe da ɓacewa. Ta juye wasakinta a komin, ta dubi bakin daji, ta ce, "Ai ba su aiko sun ce sun daina zuwa ba."